Yadda za ka shawo kan majinyacinka ya sha magani yadda likita ya ce ba tare da faɗa ba

Kusan duk gidan da ka shiga a Gombe, daga Jekadafari har Tumfure, in ka ɗaga filo ko ka leƙa saman wadirof za ka samu wata leda cike da ragowar magani, wannan an sha rabi an bari, wancan ko ɓare shi ba a yi ba, kuma duk da kuɗi aka saya wani ma sai da aka ci bashi. In ka tambayi mai maganin sai ya ce mantuwa ce. Toh wani lokacin mantuwar ce da gaske, amma abun da na gani a shekarun da na yi ina miƙa wa mutane magani ta taga shi ne yawancinsu ba mantawa suke ba, a ransu suka yanke cewa ba za su sha ba, kuma suna da dalilinsu, kunya ce ko gudun faɗa ta sa suka yi shiru. Kuma ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2003 cewa ko a ƙasashen da suka ci gaba kusan rabin masu doguwar jinya ne kaɗai ke shan magani yadda aka rubuta musu, a ƙasashe irin namu kuma abun ya fi haka muni. Wani malamin jami'a a Ingila mai suna Rob Horne shi da abokan aikinsa sun fitar da wasu tambayoyi a 1999 na auna yadda mutane suka ɗauki magani, abun da suka gano kuwa duk mai jinya ya kamata ya riƙe shi: kowane majinyaci akwai sikeli a zuciyarsa, gefe ɗaya yana ɗauke da "ina buƙatar maganin nan", ɗaya gefen yana ɗauke da "ina tsoron abun da zai yi min", wanda ya rinjaya shi ke yanke hukunci. Aikinka kai ɗa ko 'ya ko mata ko miji da ke kula da mara lafiya shi ne ka gano me ke kowane gefe, tsawa da gorin kuɗin da ka kashe ba sa motsa komai.

Ka fara da sanin gaskiyar abun da ake sha. Kar ka ce "Baffa kana shan maganinka kuwa?" don amsar ɗaya ce, "ina sha mana", shikenan zance ya mutu. Ka duba kwalin tukuna cikin hikima, in an sayo ƙwaya talatin farkon wata ana shan ɗaya kullum, yau ashirin ga wata ka tarar da saura ashirin da biyu, ai ba sai an faɗa maka ba. Sai ka nemi lokacin da hankalinsa ke kwance, bayan la'asar ko bayan isha, ba a gaban baƙi ba ba a gaban jikoki ba, ka ce "Baffa, na ji mutane da yawa na kukan maganin nan yana wahalar da su, kai ya kake ji in ka sha?" ko "Dada, a satin nan kwana nawa kika samu kika sha?" Ka ga wannan tambayar ta riga ta nuna mata cewa rashin sha ba laifin da za a kai ta kotu ba ne. In ta fara magana dan Allah ka yi shiru ka bar ta ta kai ƙarshe, ko da abun da take faɗa ka san ba haka yake ba, domin in ka katse ta a jimlar farko ba za ka taɓa jin ainihin dalilin ba, shi yakan zo ne a ƙarshe bayan an gama kewaye-kewaye.

Dalilin da za ka fi ji, musamman wurin masu hawan jini, shi ne "ai na ji sauƙi". A nan ne ya kamata ka daɗe, don a nan ake asarar mutane da yawa. Mu mun taso ne da sanin cewa ciwo abu ne da ke zuwa ya kwantar da kai, ka sha magani, ya tafi, kaman zazzaɓi ko gudawa, to sai ga wani ciwo da ba ya kwantar da kai kuma ba ya tafiya, mutum na zuwa gona yana zuwa kasuwa yana cin tuwonsa alhali jininsa ya haura 170. Hawan jini yawanci ba shi da alama ko kaɗan, ciwon kai da jiri da mutane ke jira kafin su sha ƙwaya ba ma'auni ba ne, wani alamarsa ta farko ita ce faɗuwa a banɗaki da shanyewar ɓarin jiki. Baki ba zai gamsar da Baffa ba, lamba ce za ta gamsar da shi. In da hali a sayi na'urar awon jini ta gida wadda ake ɗaurawa a dantse, in babu a dinga zuwa kemis ɗin unguwa ko asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, a samu ɗan littafi a dinga rubuta rana da lambar da aka samu. A zauna a huta kaman minti biyar kafin a auna, ba daga saukowa acaɓa ba. Daga 140 bisa 90 zuwa sama shi ake kira ya hau. In ya ga da idonsa cewa satin da yake sha lambar na sauka, satin da ya bari kuma ta koma sama duk da shi bai ji komai a jikinsa ba, wallahi wannan ya fi wa'azin awa guda. Haka masu ciwon suga, na'urar da ake ɗan huda yatsa ita ma wannan aikin take yi.

Na biyu da ke bin wannan shi ne "in ka fara ka shiga uku, jiki zai saba, ba za ka taɓa iya bari ba". Kar ka yi masa ƙaryar cewa wata biyu kawai zai sha, don ranar da ya gane ka yaudare shi ba zai sake yarda da kai ba. Gaskiya ne yawancin masu hawan jini da suga za su daɗe suna sha, wasu har iya rayuwa, amma ba don maganin ya kama jikinsu kaman yadda sigari ko tiramadol ke kama mutum ba, ciwon ne yana nan bai tafi ba, maganin yana riƙe shi ne, ka saki ya koma inda yake. Wanda ya rage gishiri da magi da kanwa, ya rage ƙiba, yana tafiyar ƙafa, likita na iya rage masa yawan ƙwayoyin, amma likitan ne zai rage bayan ya ga lambobi, ba shi a ɗakinsa ba. Akwai ma magungunan hawan jini irin su atenolol da in aka tsayar da su farat ɗaya bugun zuciya da jinin na iya tashi fiye da da.

Sai maganar ƙoda, wadda yanzun ta cika gari, kowa na cewa maganin asibiti ne ke kashe ƙoda. Wannan tsoron na fahimce shi, don duk wanda ya ga ɗan'uwansa a kan injin wankin ƙoda da irin kuɗin da ke tafiya dole ya tsorata. Amma a juye aka fahimci abun. Hawan jini da suga da aka bari ba kulawa su ne kan gaba wajen lalata ƙoda, wasu magungunan hawan jinin ma irin su lisinofiril likitoci na ba masu suga ne musamman don su kare ƙodar, shi ya sa za ka ga ana sa gwajin jini lokaci-lokaci ana bibiya. Abun haushin shi ne wanda ke gudun ƙwayar hawan jini saboda ƙoda shi ne kuma kullum da yamma yake aika yaro kemis a haɗo masa na ciwon jiki, daikulofenak da ibufurofen a ƙulle a leda ba suna ba komai, kuma waɗannan ɗin su ne in aka daɗe ana sha suke taɓa ƙoda su tayar da gyambon ciki su ƙara hawan jinin. Haka deksametazon da wasu ke sha don su yi ƙiba, yana tayar da suga da jini. In za ka raba Baffa da wani magani saboda ƙodarsa, wannan haɗin za ka raba shi da shi.

Toh amma fa ba kowane kuka ne camfi ba, wannan ina so a ji shi da kyau. Magani na da illa da gaske, kuma babu abun da ke sa mutum ya yanke ƙauna kaman ya ce abu na damunsa a ce masa tunaninsa ne. Amlodifin, wani maganin hawan jini, na kumbura ƙafa, na sha ganin dattijo ya zo ranar Juma'a da silifas saboda takalminsa na zuwa masallaci ya ƙi shiga, ya danna idon sawunsa da yatsa ya nuna min yadda wurin ya lotsa, a ransa ya riga ya gama cewa ƙodarsa ce ta tafi. Lisinofiril na sa wasu busasshen tari mai ƙaiƙayin maƙogwaro da ba ya jin maganin tari. Magungunan hawan jini masu sa fitsari suna hana mutum sakat, shi ya sa aka fi so a sha su da safe ba da dare ba, kuma dattijon da ke son riƙe alwalarsa daga magariba zuwa isha ba zai faɗa maka wannan ne dalilinsa ba sai ka tono. Metfomin na masu suga na murɗa ciki ya sa gudawa a farko-farko, in ana shan sa tare da abinci ko bayan an ci yakan lafa. Akwai kuma wanda maza ba sa iya faɗa wa 'ya'yansu, wasu magungunan hawan jini na iya rage ƙarfin namiji, mutum zai gwammace ya watsar da maganin da ya buɗe baki, duk da cewa sugan da hawan jinin su kansu suna jawo wannan matsalar in aka bar su. In ka lura akwai abun da yake jin nauyin faɗa, ka haɗa shi da likita namiji ka fita ka ba su wuri, ko ka sa amininsa ko ƙaninsa ya raka shi. Abun da za ka nanata masa shi ne kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da madadi, magungunan hawan jini kala-kala ne, in wannan bai karɓe shi ba a koma a faɗa a canza, ba a ajiye a yi shiru ba. Mace kuma in tana shan lisinofiril ta samu ciki ko tana neman ciki ta gaya wa likita da wuri, ba a shan sa da juna biyu.

Masu tarin tibi nasu ya sha bamban, su maganinsu yana da ranar ƙarewa, wata 6 ne ga yawanci, wata 2 na farko da haɗin magani huɗu sannan wata 4 da guda biyu, kuma kyauta ake bayarwa a cibiyoyin gwamnati, a jihar nan ma ga asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Zambuk. Tun ranar farko ka gaya masa fitsarinsa zai koma ja-ja kaman ruwan lemo, har zufa da hawaye na iya canzawa, rifamfisin da ke cikin haɗin maganin ne ke sa haka ba jini ba ne, don na san waɗanda wannan kaɗai ya sa suka tsaya. Inda aka fi faɗuwa shi ne wajen wata na biyu, tari ya tsaya, ci ya dawo, ya fara cikowa, sai ya ce ya warke. Ƙwayar cutar ba ta gama mutuwa ba a lokacin, in ya bari tana iya dawowa ta zama mai bijire wa magani, jinyarta ta fi tsawo ta fi wahala kuma ita zai shafa wa matarsa da yaransa da suke ɗaki ɗaya. Maganar yaran nan ita ta fi shiga zuciyar magidanci, da ita za ka fara. Amma in idonsa ya koma rawaya ko amai ya ƙi tsayawa, wannan a koma asibiti a ranar.

Na maleriya ma haka ne a taƙaice. Coartem da ire-irensa sau shida ake sha cikin kwana uku, na biyu awa takwas bayan na farko sannan safe da yamma, kuma ana so a sha da abinci mai ɗan maiƙo ko madara don ya shiga jiki sosai. Zazzaɓi ya sauka a kwana na biyu ba dalilin ajiye sauran wa ƙaninsa ba ne. Antibayotik ma a sha iya kwanakin da aka rubuta, kar a raba da maƙwabciya. Masu cewa sai allura ko ƙarin ruwa ne magani mai ƙarfi kuwa, ka gaya musu ana yin allura ne in mutum ba ya iya haɗiya ko yana amai ko ciwon ya yi tsanani, in ba haka ba ƙwayar ma jinin take shiga.

Yanzu maganin gargajiya da na Musulunci, inda na ga 'yan boko da yawa suna ɓata lamari. Ka shigo gida ka tarar Goggo na shan jiƙon sabara ko tafasasshen zogale ko habbatus sauda da zuma, ka hau faɗa ka zubar, me ka samu? Gobe za ta ci gaba da sha a ɓoye kuma ƙwayarka ce za ta ajiye, don ita wancan ta gada ta yarda da shi, naka baƙo ne. Ni shawarata kar ka sa ta zaɓa tsakanin biyun. Ku yi yarjejeniya, ba za a ajiye na asibiti ba, duk abun da ake sha za a faɗa wa likita ko mai ba da magani, sannan a nisanci na robobi da ake talla da lasifika a tasha da kasuwa wanda ake cewa yana maganin cuta arba'in, ba a san me ke ciki ba ba a san adadinsa ba. Dalilin faɗa wa likita shi ne wasu ganyayyakin suna aiki da gaske, irin su garahuni da hulba na iya sauke suga, in aka haɗa da ƙwayar suga ta Daonil ko allurar insulin sugan na iya faɗuwa ƙasa warwas. Jiƙon da aka zuba wa kanwa kuma bai dace da mai hawan jini ba. Wanda ya ce maka shi ya dogara ga Allah, ka ce masa madalla, duk mun dogara, amma hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, kuma Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. In bakinka bai kai ba ka nemi limamin unguwa ko malamin da yake jin maganarsa, 'yan'uwanmu Kirista na Billiri da Kaltungo su ma fasto na yi musu wannan aikin.

Farfaɗiya ce ta fi ba ni tausayi a wannan fannin. Yaro na faɗuwa a ce iska ce ko jifa, a yi ta yawo da shi shekara da shekaru, a cire shi daga makaranta, a ware masa kwano, alhali ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba a ɗaukarsa ta yawu ko taɓawa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu ita za su iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace. A yi addu'a a yi ruƙya ba wanda ya hana, amma maganin farfaɗiyar, Tegretol ko duk wanda aka ɗora shi a kai, kar a tsallake ko kwana ɗaya, kuma ko ya shekara bai faɗi ba kar a tsayar sai likita ya ce, don tsayarwa farat ɗaya na iya kawo faɗuwar da ta fi ta da muni. Masu ciwon damuwa su kuma a gaya musu tun farko maganinsu na ɗaukar makonni kafin a ga aikinsa, kar a yanke masa hukunci a kwana huɗu.

Akwai masu zargin duk abun da aka ce kyauta ne, "me ya sa Panadol sai na saya amma wannan aka biyo ni da shi har gida?" Kar ka raina wannan tambayar, tana da tushe. A 1996 lokacin annobar sanƙarau a Kano kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya shafi yara kusan 200, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009, kuma wannan tabon na cikin abun da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Sai ka yarda da shi cewa hakan ta faru, sannan ka tuna masa cewa rigakafin da aka guda ɗin shi ne dai ya kai mu ga 2020 da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, ya duba unguwarsu ya ga yara nawa ne 'yan ƙasa da shekara goma ke jan ƙafa yanzun in aka kwatanta da sa'o'insa. Maganin tibi da na ƙanjamau da na kariya daga maleriya wanda ake rabawa yara da damina ba banza ba ne, wasu ne suka biya, gwamnati da masu tallafi. Na damina ɗin nan na yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, kwana uku ake ba da shi duk wata, masu rabawa su ba da na ranar farko su bar wa uwa na kwana biyu, kuma nan ne ake samun matsala, sai ka ɗaga gefen katifa ka tarar da shi a falle ba a taɓa ba saboda yaro ya tofar ko ya yi amai ran farko. Adda, ki narka shi a ɗan ruwa kaɗan a cokali, ki ba shi bayan ya ci abinci, in ya amayar nan take ki sanar da masu rabawar. Masu ciki kuma da ke ɓoye jan maganin ƙarin jini wai kar ɗa ya yi girma haihuwa ta yi wuya, abun tsoron gaske shi ne a shiga naƙuda da ƙarancin jini, ɗan zubar da wata za ta jure ita sai ya kayar da ita. Bayan gida zai yi baƙi, ba komai ba ne, kuma kar a kora shi da shayi don shayi na rage shigarsa jiki.

Wani lokacin kuma duk wannan bayanin da ake maka na "ba ya karɓa ta" rufin asiri ne, kuɗi ne babu. Tun 2023 da naira ta faɗi farashin magani ya yi tashin da kowa ya ji a jikinsa. Za ka ga tsoho ya ɓalla ƙwaya biyu da farce ya sha rabi ya nannaɗe rabin a takarda, ko yana sha yau ya tsallake gobe, don kawai kar ya sake tambayar ɗansa kuɗi. In ka gano haka kar ka kunyata shi. Ku 'ya'ya ku raba nauyin a tsakaninku a dinga sayen na wata guda kafin na hannu ya ƙare, ku tambayi mai famasi ko akwai irinsa na wani kamfani mai sauƙin kuɗi, sinadarin ɗaya ne in dai yana da lambar NAFDAC kuma a wurin kirki aka saya, ku gaya wa likita ƙarara cewa wannan ya fi ƙarfinmu, sannan ku bincika GoHealth, tsarin inshorar lafiya na jiha, ku ga ko zai shiga. In kalar ƙwayar ko kwalin ya canza ku nuna masa sunan da adadin iri ɗaya ne, don tsofaffi da kala suke gane maganinsu, fari ya koma ruwan ɗorawa sai su ce an canza musu.

Ranar komawa asibiti ka raka shi, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya ne ko na Ƙwararru ko na Kumo ko Bajoga, ka tafi da littafin awon nan da duk abun da yake sha har na gargajiyan. Layi na da tsawo likita na sauri, don haka ka shirya tambayoyinka tun daga gida: wannan na mene ne, sau nawa kuma har yaushe, kafin abinci ko bayan, wace illa za mu iya gani, wacce ce ta a dawo da gaggawa. Ka bar shi ya yi magana da bakinsa, ciwonsa ne, kuma ka ƙarfafa shi ya faɗi gaskiya in bai sha ba, don in ya ce yana sha alhali ba ya sha likita zai ɗauka maganin ne ya gaza ya ƙara masa wani a kai, ranar da ya haɗa duka ya sha jiri ya kwashe shi. A wurin karɓar magani a sa mai bayarwa ya zana a jikin leda yadda wanda bai yi boko ba zai gane, ko a rubuta da ajami in shi yake karantawa. A gida kuma a ɗaura shan maganin da salla, na safe bayan asuba in an karya, na dare bayan isha, ya fi alam ɗin waya tasiri wurin tsofaffi. A ajiye shi inda ba rana ba zafi kuma yara ba sa kaiwa. In an manta a sha da zarar an tuna, sai dai in lokacin na gaba ya kusa to a bar wancan, ba a haɗa biyu don ramuwa. Kuma ka san wa ke da ta cewa a gidan, in miji ko uwar miji ba su yarda ba matar ba za ta sha ba ko ta so, da su za ka fara zama.

Azumi kar a bari sai an ga wata, tun cikin Sha'aban a je a tambaya. Mai shan sau ɗaya a rana yawanci ana iya mayar masa buɗa-baki ko sahur, mai sau uku ana iya canza masa wani, amma likita ne zai tsara. Masu suga su suka fi shiga haɗari, musamman masu Daonil da insulin, in awo ya nuna ƙasa da 70 ko sama da 300, ko jiki ya fara rawa da zufa da jiri da ruɗewa, a karya azumin nan take, in ƙasa ya yi a ba shi ruwan suga ko lemon kwalba in dai yana iya haɗiya. Malamai da yawa sun yi bayani cewa huda yatsa don awo ba ya karya azumi, kuma Alƙur'ani ya yi wa mara lafiya rangwame ya rama daga baya, wanda ciwonsa ba na warkewa ba ne ya ciyar. Dattawanmu na jin nauyin a gan su suna ci da rana, don haka wannan ma bakin malami ya fi naka.

Abubuwan da ba a jira da su ko a tsaya lallashi: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ya saki, magana ta sarƙe, ciwon ƙirji mai tsanani, numfashi na sama-sama, leɓe ko fuska ko harshe ya kumbura bayan shan magani, ƙuraje masu ɗurar ruwa da ciwon baki da ido bayan fara sabon magani, farfaɗiyar da ta wuce minti biyar ba ta saki ba, ko mai suga ya suma. Wanda ya suma kar a ɗura masa ruwa ko rubutu ko man ja a baki, a kwantar da shi ta gefe a nemi mota ko Keke Napep a wuce sashen gaggawa, a tafi da kwalayen maganin da yake sha.